Sawun Yatsu a Ramin Jima

Bazarar bana ta zo da irin zafin da na daɗe ban ji ba. Tun hantsi ƙasa ke ƙuna ta cikin takalmi, da azahar kuwa ko kaji ba sa yawo, sai su lafe a gindin danga baki buɗe. Injin foraj ɗin garinmu, wato rijiyar burtsatse, ya tsaya, an ce ana jiran wani ƙarfe daga Damagaram, har yau jiransa muke. Ruwa sai wanda amalanken jaki ya kawo daga wata rijiya a hanyar Falanko, kowane gida da jarkokinsa. A cikin abin da ke shigowa gidana akwai ƙwarya guda da ba ta sha ba ce, ba ta girki ba. Kullum da safe nakan ɗauke ta in fita bayan gari in zuba a rami. Mai ɗakina Hadiza ta daina yi mini magana a kai, sai dai ta bi ƙwaryar da ido har in fita ƙofa.

Ni majemi ne, ɗan majemi, jikan majemi. Majemarmu tana yamma da gari, inda iska ke kwashe wari ta kai daji. Ramuka biyu ne da kwatarniya. A na farko ake jiƙa fata da toka har gashi ya saki, a kankare shi da kartaji. A kwatarniya ake yi mata wankan bagaruwa, ta kama launi ta daina ruɓa. Rami na biyu, na tsakiya, shi ne maganar. Nan fata ke kwana cikin ruwan kashin tattabaru, sauran naman da ya manne mata ya narke, ta saki jiki ta yi laushin da za ka dunƙule ta a hannu ɗaya. Kowane majemi yana da irin wannan rami, amma ba kowa ke da abin da ke ƙasan namu ba: wata baƙar laka mai santsi, mai warin da baƙo ba ya iya tsayawa kusa da shi. A gidanmu uwa muke ce mata. Ba a bari ta bushe, ba a kwashe ta in ana yasar rami, kuma ba a ba bare ko da cikin cokali. Ɗan gida kaɗai ake ɗibar wa, shi ma sai ran da ya haƙa ramin kansa. Haka na tarar. Ƴaƴana maza ba wanda ya haƙa rami. Babban yana tuƙin babur a Damagaram, ƙannensa sun yi arewa, sai dai murya a waya. Saboda haka uwa wuri ɗaya tak take a duniya, ni kuwa gwiwoyina sun fara ƙin sauka ramin.

A cikin wannan zafi wata farar mota ta tsaya a bakin majema. Wani ma'aikacin meri, wato ƙaramar hukuma, ya fito yana toshe hanci, bayansa wata yarinya doguwa da akwatin sanyi a hannu. Ta gaishe ni gaisuwar mutunci, ta ce sunanta Rahila, daga jami'a take. Na ga ƙaramin gicciye a wuyanta, wannan bai dame ni ba, mun saba cinikin fata da Kiristocin Damagaram tun zamanin mahaifina. Abin da ya dame ni shi ne dogon cokalin ƙarfen da ke leƙowa daga aljihunta.

Ta yi mini bayani a tsanake. Wai a cikin ƙasa akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, wasu daga cikinsu suna fitar da wani ruwa mai narkar da nama da jini da saiwar gashi. Wai manyan gidajen jima na birni guba suke cire gashi da ita, in sun gama su saki ruwan ya kashe ƙasa ya ɓata rijiyoyi. In aka samu halittar da ta dace, sai a bar gubar. Har a sabulun wanki ma ana sa irin wannan ruwa. Ita aikinta ta bi wurare tana ɗibar ƙasa tana gwadawa, kuma an ce mata fatarmu ta fi ta kowa laushi a duk ƙasar Damargu. Cokali biyu take so daga ƙasan ramin tsakiya.

Na dube ta, na dubi motar. Na ce a raina, mutum ya taso tun daga Damagaram, ya ƙona mai, ya ɗauko ɗan meri, duk don cokali biyu na laka mai wari? In abin bai kai ya kawo ba, me ya kawo mota? In kuwa ya kai, ina dalilin da za a ce cokali biyu kawai?

"Ƴata," na ce, "ƙasa ta cika Damargu. Ki ɗiba duk inda kika ga dama, ban da nan."

Kafin la'asar gari ya gama yanke mata hukunci. Masu shayi suka ce zinariya ake nema, tun da aka same ta a arewa kowane mai mota ƙasa yake shinshina. Wasu suka ce meri ce ke son filin majema ta yanka shi a yi gidaje, za a gwada ƙasar a ce tana kawo cuta, a kore ni. Tsofaffin mata kuwa suka ce ai ba sabon abu ba ne, wanda zai yi maka sammu ƙasar sawunka yake fara ɗiba. Ni ban zaɓi ɗaya ba, duka na ɗauka na riƙe. Daga ranar, kafin in zuba ƙwaryar safe, sai na durƙusa na duba fuskar lakar sosai ko akwai sawun hannu. Na san abin da nake nema, don na taɓa ganinsa.

Shekaru sun haura arba'in yanzu. Ina sabon aure a lokacin, Hadiza da cikin fari. Damina ta yi mana ruwan shuka ta ɗauke. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ganyensa ya naɗe, ya koma fari a tsaye. Muka yi ta duban gabas har wuya ya gaji. Hadari yakan taso da yamma, baƙi ƙirin, mu fito da tukwane, sai iska ta kwashe shi ta bar mu da ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri. Kaka ta zo ba wanda ya ɗaure dami. Rumbunmu na bara aka buɗe, mahaifiyata, Inna, ta karɓi ludayin awo ta hana kowa taɓawa.

Aikin gida ya koma neman abin da ba abinci ba a mai da shi abinci. Da asuba mata su fita tsinkar anza, a zo a jiƙa ƴaƴanta ana sauya ruwa har ɗacin ya ragu, bai taɓa fita duka ba. Ƙarangiyar da muke zagi in ta kama mana wando, ita muka riƙa sharowa ana sussukawa, hannun Hadiza duk ya yi jini. Har gidan tururuwa mun haƙa mun ƙwace ajiyarta. Da rana fura ce da ba ta da nono, ruwa-ruwa, kana sha kana ganin gindin ƙwarya. Da dare tuwon dusa, in an samu. Yunwa ba ciwon ciki ba ce kamar yadda yaran yanzu ke zato. Sanyi ce a cikin ƙashi ko da rana tsaka, da saurin fushi, da ido da ke bin hannun ɗan'uwanka zuwa bakinsa.

Mu kuma majema, abin kunya, a farkon farin aiki ya yi mana yawa. Makiyaya suka gangaro daga arewa da dabbobin da ba sa iya tsayuwa, ana yankawa kafin su mutu, fata ta zama ba a bakin komai ba. Mahaifina, Baba, da ƙanensa Baffa Idi da ni muna rami tun fitowar rana. Baba ya ce a jeme abin da aka iya, sauran a shanya a tara a ɗaki, wata rana fata za ta yi daraja tunda masu fatar sun ƙare. Matsalar ruwa ce. Rijiyar gari ta yi ƙasa, aka ƙara wa guga igiya, aka sake ƙarawa. Mata su kwana a layi suna jiran ta tsatso, abin da zai fito rabinsa yashi.

A lokacin ne Gaisha ta zo. Buzuwa ce daga cikin maƙeran Abzinawa, waɗanda matansu ke aikin fata. Mijinta ya tafi da ragowar raƙuma bai dawo ba, ta iso da yara biyu da jaki ɗaya da fatun awakinta da suka mutu. Ta sauka a gindin aduwar da ke gefen majema, don ita ce inuwar da ba mai so saboda wari. Inna takan aika mata da ƙasari da ɗan dusa, ita kuma ta taya Inna sussukar ƙarangiya. Ba ta da yawan magana, amma idonta bai bar hannunmu ba. In Baba ya ciro fata daga ramin tsakiya ya matse ta, sai in ga Gaisha ta daina abin da take yi.

Wata rana ta zo ta durƙusa nesa da Baba, ta ce a taimake ta da lakar nan kaɗan, za ta jeme fatunta ta ɗinka salkuna ta sayar, ta ciyar da yara. Baba bai yi mata tsawa ba. Ya ce ta kawo fatun ya jeme mata kyauta, amma uwa ba a bayarwa. Ta ce ba zama za ta yi ba, hannunta take so ya ci da ita duk inda ta je. Ya ce ya ji, ba a bayarwa. Ta tashi.

Ba a daɗe ba, wata safiya muka kwashe ruwan rami za mu sauya, sai ga shi a fuskar laka: sawun yatsu biyar, an luma hannu an ɗebo. Baba ya sunkuya ya duba da kyau. Sannan ya sa aka kira duk mutanen gida, maza da mata, ya ce kowa ya sauka ya ɗora hannunsa a kan sawun. Ni na fara. Hannuna ya rufe shi har ya yi saura. Na Baffa Idi ma haka. Matar Baffa ta sauka tana kuka, Hadiza ta sauka da cikinta, har Inna sai da ta sauka, kuma ta daɗe ba ta kalli fuskar Baba ba bayan wannan. Ba wanda ya yi daidai. Sawun siriri ne, yatsun dogaye.

Duk da haka zargi ya riga ya shiga gida. Baba yana ganin ƙanensa ne ya sa a ɗibar masa don ya ware, Baffa yana ganin an tozarta matarsa. Muka daina cin tuwo a akushi ɗaya, tuwon da dama bai isa ba. Sai daga baya Baba ya tuna da wadda ta roƙa. Ya je gindin aduwa ya ce ta nuna hannunta. Ta ce ba ta miƙa wa namiji hannu, ta cusa shi cikin mayafi. Bai buƙaci gani ba, warin uwa in ya kama fata sai ya yi kwanaki, ko da me aka wanke. Ya ce kada rana ta faɗi tana garin. Ta ɗora yaranta a jaki ta yi yamma, ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma musa ba.

Daga nan komai ya ƙara tsanani. Baffa Idi ya kwashe iyalinsa ya yi kudu cin rani, ba su rabu da Baba da daɗi ba. Rijiya ta ƙafe ƙaf. Jakinmu ya kwanta bai tashi ba, na koma ɗauko ruwa a ka daga wani gari, in fita da sanyin asuba in dawo rana ta take. Aikin jima ya tsaya, amma Baba bai fasa ba wa uwa ƙwaryarta ba. Da ruwan ya ƙara raguwa sai ya riƙa ba ta rabonsa na sha. Leɓensa ya tsage, muryarsa ta dushe, yana nan yana yayyafa wa laka ruwa yana rufe ta da tsohuwar tabarma.

Hadiza ta haihu a tsakiyar bazara. Nono bai zo sosai ba, jaririn kukansa kamar na ɗan kyanwa. Wata safiya Baba ya ɗauki ƙwarya zai fita, Inna ta tare ƙofa ta kama bakin ƙwaryar da hannu biyu.

"Malam," ta ce, "jikanka ko laka. Yau ka zaɓa."

Suka tsaya haka, ruwan yana rawa a tsakaninsu. Baba ne ya saki. Inna ta wuce da ita ɗakin mai jego.

Cikin ƴan kwanaki uwa ta tsage, ta yi fari-fari a sama kamar an barbaɗa kanwa, sannan ta zama garin ƙasa. Warin majema ya ɗauke, har yara suka fara wasa a gindin aduwa. Ranar da majema ta daina wari, ranar na ga Baba ya tsufa.

Ruwa ya dawo a kan lokacinsa. Na tuna saukarsa ta farko: iska mai sanyi ta fara kaɗawa, ɗigon farko ya faɗo mini a wuya da nauyi, mutane suka fito tsakar gida suka tsaya ruwa yana dukansu ba mai gudu. Muka shuka irin taimako da aka raba. Amma wanda ya san yunwa ya san ta damina ta fi muni: gona kore shar, ciki ba komai, ga noma yana jira. Muna cin tafasa da rama muna kama hauya, in ka sunkuya ka ɗago sai duniya ta juya. Abin da muka dogara da shi fatun nan da ke tare a ɗaki. Muka cika ramuka, na je har Tanut na samo kashin tattabaru don tattabarunmu an cinye su tuntuni, muka zuba fata kamar yadda aka saba. Ta fito da tauri. Muka ƙara mata kwana, ta fara ruɓa ta gefe, tsakiyar tana nan kamar faifai. Muka sake, haka. Baba ya ce ai ya sani, matar nan ba don jima ta ɗebi lakar ba, ɗaure ramin ta yi. Aka yi rubutu aka wanke aka zuba, aka yi turare, fata ba ta san ana yi ba. Ni ma na yarda da maganar sammun, yarda ta gaske, har nakan yi mafarkin yatsun nan.

Da abin ya ƙi, na ɗauki fatun da suka fi dama-dama na tafi kasuwar Belbeji ko zan samu mai ba ni hatsi. Dukawa suna taɓawa suna ajiyewa. Ina zagayawa sai na ga salkuna a shimfiɗe a bakin kasuwa, na kai hannu kan ɗaya don sabo kawai. Hannuna ya gane ta kafin idona. Na dunƙule ta, ta shige tafina, na kai hanci. Fatar gidanmu ce. Na ɗaga kai, ga Gaisha a zaune, yaranta biyu a bayanta suna cin gumba, sun yi kumatu.

Na ce mata duk abin da ya zo bakina. Na ce ta kashe mana rami, zan kai ta gaban mai gari. Ta bari na gama. Sannan ta jawo wani tandu daga cikin kayanta ta buɗe, warin ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Ashe ta sauka kusa da wata rijiyar makiyaya mai zurfi da ba ta ƙafe ba, ta haƙa ɗan raminta, kullum tana ba lakar ruwa kamar yadda ta ga Baba yana yi. In za ta yi tafiya sai ta ɗebi kaɗan a tandu, don ita ba ta yarda ta bar abu wuri ɗaya ba.

"Taku ta mutu?" ta tambaya.

Na ce ta mutu.

"To, kai sata za ka yi, ko roƙo?"

Na tsaya ina kallon tandun. Abin kakana ne, a hannun wadda ta sace shi. Na durƙusa a cikin kasuwa, mutane suna wucewa, na roƙe ta. Ta luma hannun nan siriri ta ɗebo, ta zuba mini a ɓawon ƙwarya, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ko kallona ba ta sake yi ba, ta juya wajen mai ciniki.

Baba ya ce ba za a sa ba. Abin da ya kwana a hannun bare, wa ya san me aka tofa masa? Ya ce in kai daji in zubar. Inna ta karɓa ta ce ita za ta zubar. Da azahar, Baba yana barci, na hango ta ta nufi majema da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Fatun da muka sa bayan nan sun ɗan yi dama, na bayansu suka fi, kafin a ci tumu wari ya dawo har yara suka bar gindin aduwa. Ranar da Baba ya ciro fata ya dunƙule ta ta shige hannunsa, ya shinshina, ya dubi Inna, ya dube ni. Abin da ya ce kawai shi ne a kai ta bagaruwa. Da fatun nan muka ci har hatsi ya nuna. Bai taɓa tambaya ba, kuma har ya koma ga Allah in an ambaci Gaisha ɓarauniya yake ce mata. Ni ma ban ce ba ɓarauniya ba ce.

To, wannan sawun nake nema bana, kowace safiya. Na san Rahila tana yankin, ana ganin motarta, yau a mahauta, gobe a bakin busasshen tafki, jibi a akurkin kajin wani. Majema ba ƙofa, ba kare, da azahar ba kowa. Na ce yau za ta ɗiba, gobe za ta ɗiba. Laka tana nan sumul.

Bayan wani lokaci ta dawo, ba ɗan meri. Ta zauna a kan turmin da ke bakin rami, cikin warin, ta buɗe akwatin sanyinta ta fito da wasu ƙananan faranta masu murfi da ake ganin ciki. A kowane akwai wani abu fari da ya daskare, ta ce madara ce aka haɗa. A kan farin akwai ɗige-ɗige, kowane ɗigo wai gari guda ne na halittun nan, daga ƙasar da mutane suka ba ta. Wasu ɗigon ba abin da ya same su. Wasu kuwa an ga zobe garau kewaye da su, inda suka cinye farin madarar. Ta ce mai babban zobe shi ake ware wa, a sake gwada shi da zafi, da toka, da fata, mafi yawansu a nan suke faɗuwa. Na riƙe faranti ɗaya ina juyawa, ina neman inda dabarar take. Ban ga zinariya ba.

Na tambaye ta ko ta tabbata abin da take nema yana cikin lakarmu. Ta ce ba ta sani ba, sai ta duba, mai yiwuwa ma ba komai. Wannan ya ƙara mini zargi, don mai son ya cuce ka yakan yi kamar bai damu ba. Na tambaye ta in laka ta bushe, halittun mutuwa suke yi? Ta ce wasu barci suke yi har ruwa ya dawo, wasu mutuwa, ba ta iya ce mini namu waɗanne ne ba. Amma abin da ya shiga labo, ɗakin gwajinsu, ana ajiye shi cikin sanyin da zai daɗe ƙwarai. Na ce in kuran, wato lantarki, ya ɗauke fa, tunda na san Damagaram. Ta yi dariya ta ce shi ya sa ba a wuri ɗaya suke ajiyewa ba.

Na taɓa jin wannan magana a kasuwar Belbeji. A nan zaune na gane abin da ke damuna duk safiyar nan. In na durƙusa na ga laka sumul, ba daɗi nake ji ba. Haushi nake ji. Jarkokin ruwa suna raguwa, jikokina sun zo hutu gidan, kuma na ga yadda Hadiza ke kallon ƙwaryar nan. Ita ce mai jegon da aka kai wa waccan. In ta tare ƙofa, na san abin da zan zaɓa.

Amma bakina bai iya cewa ɗebi ba. Sai na gyara murya na ce mata ni fa da azahar barci nake, barci mai nauyi, ko ganga aka buga ba na ji. Na ƙara da cewa wurin nan ba mai zuwa a lokacin.

Ta gane sarai. Ta rufe akwatinta.

"Baba, ba zan ɗauka a bayan idonka ba. In ka ba ni da hannunka, na gode, sunan gidanku zai bi kwalbar duk inda ta je. In ba ka ba ni ba, mun rabu lafiya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na buɗe mata hanya mai sauƙi, wadda ba za ta sa in karya maganar ubana ba, ta ƙi bi. Na ce a raina yaran yanzu ko sata ba su iya ba. Ta miƙe, ta yi sallama, ta kama hanyar mota. Na bar ta har ta kusa, sannan na kira ta.

Saukata ramin ta ɗauki lokaci, gwiwoyi suna ƙara. Ta miƙo cokali, na ce ta riƙe abinta, uwa ba a taɓa ta da ƙarfe. Na yi bisimilla, na luma hannu na ɗebo, sanyinta ya ratsa ni har kafaɗa. Ta tara kwalabe biyu na cika mata.

"Ran da na zo nema," na ce, "ki san ni."

"Ba sai ka roƙa ba, Baba. Taka ce."

Na ce za mu gani. Har yanzu ban ce na yarda da ita ba. Na sa jikana ya karɓi lambarta, kuma in na ji sabulu ya fito da warin gidanmu, Damagaram ba ta yi mini nisa ba. Masu shayi sun ce an yi mini wayo. Mai yiwuwa ne.

Washegari da safe na ɗauki ƙwarya na fita kamar kullum. Na yaye tabarma, sai ga sawun yatsu biyar a fuskar laka. Har na buɗe baki zan kira mutane kafin na tuna. Na ajiye ƙwaryar, na sauka a hankali, na ɗora hannuna a kai kamar yadda Baba ya sa na yi a waccan shekara. Wannan karon ya yi daidai.